Aikin Sa Kai a Ƙungiyoyin 'Yan'uwantaka Masu Inshora na Amurka da Kanada: Tambayoyi da Amsoshi

A garuruwa da dama na Amurka da Kanada, baƙo kan ga dattawa tsaye a ƙofar babban kanti suna karɓar gudummawa domin masu larurar ƙwaƙwalwa, ko ya tarar da jama'a a zauren wani coci suna raba wa yara rigunan sanyi. Idan ya tambaya sai a ce masa 'yan reshen ƙungiya kaza ne, idan kuma ya ƙara bincike sai ya gano cewa ƙungiyar nan inshorar rai take sayarwa. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda suka fi zuwa a zuciyar wanda ya ci karo da wannan tsari karon farko.

Mece ce ƙungiyar 'yan'uwantaka mai inshora, kuma me ya raba ta da kamfanin inshora?

Ƙungiya ce wadda mambobinta ne suka mallake ta, babu masu hannun jari da ke jiran rabon riba a ƙarshen shekara. Dokokin jihohin Amurka sun gindaya mata sharuɗɗa kafin a amince da ita da wannan suna. Wajibi ne a sami abin da ya haɗa mambobin, ko addini, ko asali, ko sana'a, ko wata manufa da suka yi tarayya a kanta. Wajibi ne ta kasance tana da rassa a garuruwa waɗanda suke zama a kai a kai, kuma shugabancinta ya fito ta hanyar zaɓen mambobi ko na wakilansu. Sannan ta tanadar wa mambobin inshorar rai ko ta rashin lafiya ko makamancinsu. Wadda ta cika waɗannan sharuɗɗa, sashe na 501(c)(8) na dokar harajin Amurka ya ɗauke mata harajin kuɗin shiga na tarayya.

Manya daga cikinsu su ne Knights of Columbus ta mazan Katolika, da Thrivent ta Kiristoci, da Modern Woodmen of America, da WoodmenLife, da Royal Neighbors of America, sai Foresters mai hedikwata a Toronto. Akwai kuma waɗanda baƙin haure daga Turai suka kafa domin 'yan ƙasarsu, irin su Polish National Alliance ta 1880, da Croatian Fraternal Union ta 1894, da Sons of Norway ta 1895.

Daga ina abin ya samo asali?

Tushensa yana Birtaniya, inda ma'aikata suka daɗe suna kafa ƙungiyoyin taimakon juna, har majalisar dokoki ta yi musu doka a 1793. A Amurka kuwa an fi danganta farkon tsarin da John Jordan Upchurch, wani makanikin jirgin ƙasa, wanda ya kafa Ancient Order of United Workmen a garin Meadville na jihar Pennsylvania a 1868. Dabarar da suka ɓullo da ita mai sauƙi ce: idan mamba ya rasu, kowane mamba ya ba da dala 1, a tattara a miƙa wa iyalin mamacin har zuwa dala 2,000. A wancan zamani wannan kuɗi ya ishi gwauruwa ta riƙe gida ta kuma hana a rarraba 'ya'yanta a gidajen marayu.

Abin da ya sa tsarin ya bazu kamar wutar daji shi ne, babu wani tallafin gwamnati ga mai ƙaramin ƙarfi a lokacin, kuma kamfanonin inshora ba su son mai haƙar kwal ko mai aikin narka ƙarfe, domin ajali yana kusa da su kullum. Wannan ne ya sa Fada Michael McGivney ya kafa Knights of Columbus a cocin St. Mary da ke New Haven a jihar Connecticut a 1882, bayan ya ga yadda mutuwar maigida ɗaya take tarwatsa iyalin baƙin haure 'yan Ailan. Shi kansa ya ɗanɗana hakan, domin rasuwar mahaifinsa ta sa ya katse karatunsa na ɗan lokaci. Joseph Cullen Root ya kafa Modern Woodmen a jihar Iowa a 1883, sannan ya kafa Woodmen of the World, wato WoodmenLife ta yau, a Omaha a 1890. Zuwa 1886 ƙungiyoyin sun yi yawan da suka kafa majalisar haɗin gwiwa, wadda a yau ake kira American Fraternal Alliance.

To, mene ne ya haɗa sayar da inshora da aikin sa kai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma amsarta tana cikin yadda reshe yake aiki tun farko. Ƙungiyar da take biyan mamba kuɗi idan ya kwanta ciwo dole ta san ko da gaske yake ciwon, saboda haka kowane reshe yana da kwamitin duba marasa lafiya. 'Yan kwamitin sukan je gidan mamba, su gan shi da idonsu, su kawo rahoto. Amma wanda ya shiga gidan maƙwabcinsa ya tarar babu itacen hura wuta, ga yara ba abinci, ba zai tsaya ga rubuta rahoto kawai ba. Daga nan aka sami al'adar kwana wurin majiyyaci bi da bi, da girbe gonar wanda ya karye, da ɗaukar gawa, da bin diddigin marayu har su girma. 'Yan Odd Fellows, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka wadda reshenta na Amurka ya kafu a Baltimore a 1819, sun taƙaita wajibin mamba a abubuwa huɗu: gaida marar lafiya, agaza wa wanda ke cikin ƙunci, binne mamaci, da ilmantar da maraya.

Daga baya, da gwamnati ta shigo da tsarin fansho da tallafi a 1935, kuma masu ɗaukar ma'aikata suka fara ba su inshora, buƙatar mambobi ga junansu ta ragu. Sai rassan suka karkata hankalinsu waje, zuwa ga garin da suke zaune a ciki baki ɗaya. A yau wannan hidima ga jama'a ita ce babbar hujjar da ƙungiyoyin suke kafawa a gaban 'yan majalisa duk lokacin da aka taso da batun soke musu rangwamen haraji. A ganin mai wannan rubutu, wanda ya ɗauki aikin sa kai a matsayin ado da ƙungiya take yafawa domin talla bai fahimci lamarin ba, domin ranar da rassa suka daina zama suka daina aiki, ranar ce ƙungiyar ta rasa abin da ya raba ta da kamfani a idon doka.

Wane irin aiki mambobin suke yi a zahiri?

Mafi yawansa ƙanana ne, kuma na cikin unguwa. Wanda aka fi sani shi ne cin abincin tara kuɗi. A misali, wani magidanci ya kamu da ciwon daji, kuɗin asibiti ya yi wa iyalinsa yawa. Sai reshe ya ari zauren coci ko na 'yan kwana-kwana, a buga sanarwa a liƙa a gidan mai da shagon aski. Ranar Asabar tun asuba maza su kunna manyan tukwanen suya, mata su jera tebura su shimfiɗa musu takarda, matasa su riƙa kai faranti suna kwashe waɗanda aka gama da su, wani dattijo kuma ya zauna a bakin ƙofa da ƙaramin akwatin ƙarfe yana karɓar kuɗin shiga yana ba da canji. A gefe ɗaya an jera kayan da 'yan kasuwar garin suka bayar kyauta, ana gwanjonsu. Da yamma a ƙirga kuɗi a gaban shaidu biyu, a share zaure, a mayar da kujeru inda aka same su. A rassan Katolika, suyar kifi ta ranakun Juma'a a lokacin azumin Kiristoci ta zama al'ada mai kawo kuɗin da ake gudanar da ayyukan shekara.

Bayan wannan akwai shirye-shiryen da uwar ƙungiya take tsarawa, rassa su aiwatar. Knights of Columbus ta fara rabon rigunan sanyi ga yara a 2009, ta daɗe tana shirya bayar da jini, kuma tana tare da wasannin Special Olympics na masu larurar ƙwaƙwalwa tun daga karon farko da aka yi a Chicago a 1968. Thrivent ta ƙulla ƙawance da Habitat for Humanity a 2005, inda mambobi suke ɗaukar guduma da zarto su taya iyali mai ƙaramin ƙarfi gina gidan da zai zauna, shi ma mai gidan yana cikin masu aikin. Foresters ta yi shekaru tana gina filayen wasan yara tare da ƙungiyar KaBOOM, a wani tsari da masu sa kai fiye da ɗari suke haɗuwa su kafa lilo da sauran kayan wasa cikin yini guda. WoodmenLife ta shahara da raba tutar Amurka ga makarantu da ofisoshin 'yan kwana-kwana tun 1947. Akwai kuma ranar da ake kira Join Hands Day, wadda ƙungiyoyin suka ƙirƙiro a 2000, ana yin ta Asabar ta farko a watan Mayu, kuma sharaɗinta shi ne manya da matasa su tsara aikin tare, ba manya su tsara su kira yara ɗaukar kaya ba.

Ƙungiyoyin da aka kafa kan asali suna da nasu salon. Rassan 'yan Poland da Kuroshiya da Norway suna koyar da yara harshen kakanninsu da raye-rayen gargajiya da girke-girke, suna ba da tallafin karatu, kuma idan bala'i ya auka wa ƙasar asali su ne kan gaba wajen tara agaji. An ga haka a 2022, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yukren, inda Ukrainian National Association, wadda aka kafa tun 1894, da Knights of Columbus, mai rassa a Poland da Yukren ɗin kanta, suka shiga aikin agaji.

Da wane kuɗi ake yin waɗannan ayyuka?

Hanya ta farko ita ce rarar da ƙungiya ta samu daga inshora da zuba jari. Tun da babu masu hannun jari kuma an ɗauke mata haraji, wani kaso na rarar yana gangarowa zuwa rassa. Hanya ta biyu ita ce abin da reshe ya tara da guminsa. Inda abin ya fi armashi shi ne wurin da hanyoyin biyu suka haɗu, wato tsarin ninkawa, wanda Modern Woodmen ta yi suna a kansa. Idan reshe ya shirya taro ya tara, a misali, dala 1,500 domin gyara rufin ɗakin karatu na gari, uwar ƙungiya za ta ɗora daidai wannan adadi, muddin bai wuce iyakar da ta sa wa kowane reshe a shekara ba. Hikimar a bayyane take: hedikwata ba ta fitar da ko sisi sai mutanen gari sun fara nuna cewa abin ya dame su.

Thrivent ta bi wata hanya daga 2014. Mamba ɗaya tak yana iya cike takarda a intanet ya bayyana aikin da yake son yi, ko tara kuɗi ne, ko hidima, ko koyarwa. Idan an amince, sai a aiko masa da akwati ɗauke da riguna masu tambarin ƙungiya, da katunan gayyata da na godiya, da katin kuɗi mai dala 250. Wannan kuɗi na sayen kayan aiki ne, kamar fenti ko gari da man suya, kuma ba a yarda a miƙa shi kai tsaye ga mabukaci ba. Manufar ita ce ya zama iri, mamba ya gayyato abokai da maƙwabta su shuka shi.

Wa yake yanke shawarar aikin da za a yi?

Reshe ne, a zamansa na wata-wata. Wani ya kawo shawara, wani ya goya masa baya, a tattauna, a kaɗa ƙuri'a, sakatare ya rubuta. Hedikwata tana sa ƙa'idoji ne kawai kan abin da za a iya kashe kuɗinta a kai, tana kuma neman rahoto da rasit bayan an gama.

Shin wajibi ne mamba ya yi aikin sa kai? Wanda ba mamba ba kuma zai iya shiga?

Babu tilas. Mutum yana iya riƙe takardar inshorarsa shekara talatin bai taɓa leƙa zaman reshe ba, kuma ba za a rage wa magadansa komai ba. Gaskiyar magana, irin waɗannan su ne suka fi yawa, kuma a yawancin rassa mutane ƙalilan ne suke ɗauke da nauyin aikin shekara da shekaru. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a Knights of Columbus namiji Katolika da ya kai shekara 18 yana iya zama cikakken mamba ya yi ta hidima ba tare da ya sayi inshora ba.

Wanda ba mamba ba ƙofa a buɗe take gare shi ranar aiki, hasali ma nemansa ake yi. Haka kuma wanda za a taimaka ba a tambayarsa addininsa ko asalinsa kafin a ba ɗansa rigar sanyi. Wannan ɗabi'a ta daɗe, domin a Yaƙin Duniya na Ɗaya rumfunan hutawa da Knights of Columbus ta kafa wa sojoji sun yi suna ne saboda ana maraba da kowa kuma ba a karɓar kuɗin komai.

Waɗannan ba ƙungiyoyin asiri ba ne kuwa?

Tambaya ce da ta dace, domin a ƙarni na 19 da yawansu sun ari tsarin 'yan Freemason, wata tsohuwar ƙungiya mai al'adun sirri: kalmar sirri a bakin ƙofa, musabaha ta musamman, rantsuwar shiga, da laƙabai masu nauyi ga shugabanni. Upchurch da Root dukansu 'yan Freemason ne. Sai dai kalmar sirrin tana da amfani na zahiri a zamanin da babu waya, domin da ita mamba matafiyi yake tabbatar wa reshen wani gari cewa ya biya kuɗin ƙa'idarsa kuma ya cancanci taimako. Yawancin ƙungiyoyin masu inshora sun yi watsi da waɗannan al'adu ko sun rage su ƙwarai, kuma a 2020 Knights of Columbus ta mayar da bikin karɓar sababbin mambobi a fili, iyali da baƙi suna iya halarta. Game da kuɗi kuwa, hukumomin inshora na jihohi suna binciken littattafansu kamar yadda suke binciken na kamfanoni.

Ina matsayin mata da baƙaƙen fata a wannan tarihi?

An rufe musu ƙofa a wurare da yawa, sai suka gina nasu. Royal Neighbors of America, wadda ta fara ba da inshora a 1895, tana cikin na farko da suka yi wa mata inshorar rai a lokacin da ake ganin ran mace ba shi da ƙimar kuɗi, kuma ta goyi bayan fafutukar ba mata damar zaɓe. Bina West, wata malamar makaranta a jihar Michigan, ta kafa tata a 1892.

Tarihin baƙaƙen fata ma ya riga na Upchurch nesa ba kusa ba. Richard Allen da Absalom Jones sun kafa Free African Society a Philadelphia a 1787, mambobi suna zuba kuɗi wata-wata domin gwauraye da marayu. Da annobar shawara ta faɗa wa birnin a 1793 ta kashe kimanin mutum 5,000, masu hali suka gudu, sai aka roƙi baƙaƙen fata su tsaya jinya bisa kuskuren zaton cewa cutar ba ta kama su. Suka tsaya, suka yi jinya, suka ɗauki gawawwaki suka binne, da yawansu suka kamu, har shi Allen sai da ya kwanta. Sakayyar da suka samu daga wasu ita ce zargin cewa sun tsawwala kuɗi, abin da ya sa Allen da Jones suka fito suka mayar da martani a rubuce.

A birnin Richmond, Maggie Lena Walker ta karɓi ragamar Independent Order of St. Luke a 1899 tana gab da durƙushewa, ta farfaɗo da ita, ta kafa wa ƙungiyar banki a 1903, ta kuma ba da ƙarfi ga sashen yara inda ake koya musu tanadi da hidima. A garin Mound Bayou na jihar Mississippi, ƙungiyar Knights and Daughters of Tabor ta buɗe asibiti a 1942 da kuɗin da manoma 'yan ƙodago suka tara, a zamanin da asibitocin fararen fata ba sa karɓarsu ko kuma su ajiye su a ɗakin ƙasa.

Shin akwai manyan ayyuka da suka wuce na unguwa?

An yi su, musamman a farkon ƙarni na 20. Modern Woodmen ta gudanar da asibitin masu tarin fuka kusa da Colorado Springs daga 1909 zuwa 1947, inda aka yi jinyar mambobi kimanin 12,000 kyauta. Ƙungiyoyi da dama sun gina gidajen marayu da na tsofaffi, rassa kuma sukan ɗauki likita da kwangila, kowane mamba ya biya dala 1 ko 2 a shekara a duba shi duk lokacin da ya buƙata. Kusan duk waɗannan sun shuɗe, wasu saboda an sami magani, wasu saboda gwamnati ta karɓi aikin, wasu kuma saboda adawar ƙungiyoyin likitoci da suke ganin kwangilar tana karya farashi.

Alƙaluman sa'o'in aiki da ƙungiyoyin suke wallafawa, za a iya dogara da su?

A karɓe su da taka-tsantsan. Sakataren kowane reshe ne yake cike takarda a ƙarshen shekara ya aika hedikwata, kuma babu wanda ya tsaya da agogo a kan mai suyar kifi. Wani reshe yakan ƙirga har lokacin zaman taro, wani kuma yakan yi aiki mai yawa ya manta bai rubuta ba. Daga nan sai a ninka jimillar da ƙimar sa'a guda ta aikin sa kai wadda cibiyar Independent Sector take fitarwa kowace shekara, wadda ta kai dala 33.49 a ƙididdigar 2023, a sami adadi mai cika baki. Amfanin alƙaluman ya fi fitowa idan aka jera na shekaru aka duba inda suka dosa. Knights of Columbus, mai mambobi kimanin miliyan 2, tana ba da rahoton sa'o'i fiye da miliyan 70 a shekara kafin annobar korona, amma a shekarun da suka biyo bayanta adadin ya tsaya ƙasa da miliyan 50, alhali kuɗin da take bayarwa ya koma yadda yake har ya ɗara. Ma'ana aljihu ya riga ƙafa farfaɗowa.

Wace suka ake yi wa tsarin?

Kamfanonin inshora sun daɗe suna ƙorafin cewa manyan ƙungiyoyin suna sayar da hajja iri ɗaya da tasu, da wakilai masu karɓar kamisho iri ɗaya, amma ba su biyan haraji. Ƙorafin yana da nauyi idan aka tuna cewa Thrivent tana cikin jerin manyan kamfanoni 500 na mujallar Fortune. Wasu kuma suna cewa sharaɗin abin da ya haɗa mambobi ya yi laushi, suna kafa misali da yadda Thrivent, wadda ta samu daga haɗewar ƙungiyoyin mabiya ɗarikar Luther biyu, ɗaya ta 1902 ɗaya ta 1917, ta buɗe ƙofa ga dukan Kiristoci a 2013. Ana kuma muhawara kan kuɗin da Knights of Columbus ta kashe a fafutukar adawa da zubar da ciki da auren jinsi, wanda magoya bayanta suke ɗauka wani ɓangare na hidimarta, masu adawa kuma suke ɗauka siyasa ce.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai sayen inshora ya sani: a yawancin jihohi, asusun da yake ceton masu inshora idan kamfani ya karye bai shafi waɗannan ƙungiyoyi ba. Idan asusun ƙungiya ya gaza, mambobi ne suke ɗaukar giɓin a tsakaninsu, domin su ne masu ita.

Me ya sa ake cewa rassa suna mutuwa?

Saboda masu zuwa zaman wata-wata sun tsufa, kuma 'ya'yansu sun bar garin ko ba su da lokaci. Jikan baƙon haure da ya zo daga Sulobakiya ba ya jin harshen, ya auri wata daga wani asali, yana zaune nesa da unguwar da zauren reshe yake. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa sun narke cikin manya. Maganin da aka samo shi ne sauƙaƙa wa mamba, a ba shi kati da riguna ya yi aikin yini ɗaya da abokansa ba tare da ya zauna sauraron rahoton ma'aji ba. Wannan ya jawo mutanen da ba za su taɓa zuwa taro ba, kuma ba ƙaramar nasara ba ce. Sai dai aikin yini ɗaya ba ya haifar da mutumin da zai lura cewa wata tsohuwa ba ta zo zama biyu a jere ba, ya ɗauki mota ya je ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Irin wannan lura daga yawan haɗuwa take fitowa, kuma har yanzu ba a sami abin da zai maye gurbinta ba.

Za a iya kwatanta shi da gayya ko adashi?

Ta wata fuska. Ranar gina gida ko filin wasa gayya ce sak, har da ciyar da ma'aikata. Adashi kuwa ya bambanta, domin a adashi kowa yana kwasar abin da ya zuba idan layi ya zo kansa, a nan kuwa sai abin da aka yi yarjejeniya a kansa ya auku, kamar mutuwa ko rashin lafiya. A Afirka ta Yamma akwai ƙungiyoyin Katolika da aka gina bisa samfurin Knights of Columbus, wato Knights of Marshall da aka kafa a Sekondi ta Gana a 1926, da Knights of St. Mulumba da aka kafa a Onitsha a 1953.

Musulmi mazaunin Amurka ko Kanada zai iya shiga?

Waɗanda sharaɗinsu addinin Kirista ne, kamar Knights of Columbus da Thrivent, ba zai zama mamba a cikinsu ba. Modern Woodmen da WoodmenLife da Foresters kuwa ba su sa sharaɗin addini ba. Batun halaccin inshorar rai da yadda ake juya kuɗinta magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, kuma gare su ya kamata ya koma kafin ya sa hannu a takarda. Taya aikin raba abinci ko bayar da jini ba ya buƙatar sayen komai.

Idan mai aikin sa kai ya yi kuskure ko ya kashe kuɗinsa, me doka ta ce?

Dokar tarayyar Amurka ta 1997 ta kare mai sa kai daga ƙarar diyya kan kuskuren da bai kai ganganci ba, muddin yana cikin iyakar aikin da aka ba shi, amma kariyar ba ta haɗa da haɗarin da ya yi yana tuƙa mota ba. Saboda haka wanda zai riƙa kai tsofaffi asibiti ya tabbatar inshorar motarsa tana aiki. Wanda zai yi hulɗa da yara kuma a ƙa'ida sai an binciki tarihinsa an ba shi horo kafin a bar shi da su. Ta fuskar haraji a Amurka, ba a cire wa mutum ƙimar lokacin da ya bayar komai yawansa, amma idan aikin na jinƙai ne zalla kuma yana cikin masu lissafa abin da suka kashe dalla-dalla a takardar harajinsu, yana iya cire kuɗin kayan da ya saya da kuma santi 14 kan kowace mil da ya yi da motarsa, in dai ya adana rasit da lissafin tafiyar.